Fentin Ruwa a Iskar Maraɗi: A Fara da Jiƙaƙƙiyar Takarda ko da Busasshiya?

A watan Afrilun da ya wuce, ɗiyar ƙanwata da ke karatu a lise ta zo mini da waya a hannu ɗaya, kayen makaranta a ɗayan. A cikin wayar akwai bidiyon wata mai zane da ta shafe farar takarda da ruwa, ta ɗiga shuɗi da bakin buroshi, launin ya yi ta bazuwa da kansa kamar hayaƙin turare har ya zama sararin samaniya. A cikin kayen kuwa ga abin da ya fito da yarinyar ta gwada: takarda ta kumbura ta yi tudu da kwari, shuɗin ya tsaya cik inda aka ajiye shi, wani zobe mai duhu ya kewaye shi. Ta ce, "Kawu, ko dai fentin da na saya na jabu ne?" Na duba akwatin fentin, na ce mata lafiyarsa lau. Takarda da iska ne suka ci ta, kuma su biyun ne ke yanke hukunci a kan tambayar da duk mai son fara wannan aiki a garin nan ya kamata ya amsa tun bai kashe ko dala ba, wato da wace hanya zai fara daga cikin manyan hanyoyin aikin guda biyu.

Fentin ruwa, wanda masu Faransanci ke kira akwarel, ba baƙo ba ne gare mu kamar yadda ake zato. Garin launi ne da aka niƙa ya yi laushi, aka kwaɓa da ƙaro, ƙaron nan dai da ke fita a jikin dakwara, wanda malaman allo ke sa wa tawada domin ta kama. Masana'antu suna ƙara masa gilisarin, wasu kuma zuma, don ya riƙa narkewa da zarar ruwa ya taɓa shi. Ruwa ne ke ɗaukar launin ya shimfiɗa shi, idan ruwan ya tafi sai ƙaron ya liƙe garin a jikin takarda. Saboda haka fentin shara-shara ne, ana hango abin da ke ƙarƙashinsa, kuma ba ya rufe kuskure yadda guwash ɗin ƴan makaranta ke rufewa. Farin da ke cikin zane farin takarda ne da aka bari ba a taɓa ba, shi ya sa ake farawa da launi mai haske a ƙare da mai duhu. Sannan duk abin da aka shafa, in ya bushe sai ya fi yadda aka gan shi a jiƙe haske.

Hanyoyin biyu sun rabu ne a kan halin da takarda take ciki a lokacin da buroshi ya sauka. A ta farko ana ɗora launi a kan busasshiyar takarda, ko a kan shafin da ya riga ya bushe sarai. Zan kira ta salon bushe. A ta biyu ana jiƙa takardar tukuna da ruwa zalla ko da wani launi, sannan a saki sabon launi a cikin danshin. Wannan salon jiƙe ke nan, shi ne kuma wanda ya ɗauke hankalin ɗiyar tawa.

A salon bushe launi yana tsayawa daidai inda buroshi ya bi, bakinsa ya fito tsaf kamar an yanka da almakashi. Aikin farko da ake koya a nan shi ne shimfiɗa launi bai ɗaya, kuma ya cancanci a bayyana shi dalla-dalla domin sauran duka a kansa suke tsaye. Ana liƙa takarda a jikin katako da tef ɗin takarda, irin wanda masu fentin mota ke kare gilashi da shi, a tada kan katakon kaɗan da littafi. Ana dama launi a farin faranti, a dama fiye da yadda ake zaton za a buƙata, domin wanda ya tsaya sake damawa a tsakiyar aiki ya riga ya ɓata shafin. Sai a cika buroshi, a ja layi ɗaya daga hagu zuwa dama a can sama. Saboda karkatar katakon, ruwan zai gangaro ya taru a ƙasan layin, ya yi wata doguwar ƙwalla mai sheƙi. Layi na biyu ana jan sa ne ta cikin wannan ƙwallar, a janyo ta ƙasa, na uku ma haka, har a kai gindin takarda, inda za a matse buroshi a tsumma a tsotse ragowar. Muddin ƙwallar tana raye, shafin zai fito sumul. Da zarar an bar ta ta ƙafe, ko aka koma sama don a gyara wani ɗan wuri, zane-zanen buroshi za su fito, kuma babu dabarar da za ta share su.

Babbar fa'idar wannan salo ga sabon shiga ita ce lokaci yana hannunsa. Yana iya shafa bangon rumbu da ruwan ƙasa mai haske, ya ajiye buroshi ya je ya yi sallah, ya dawo ya tarar ya bushe, ya ɗora inuwar jinka a kai da shafi na biyu. Wannan ɗora shafi bisa shafi shi ne yake ba fentin ruwa zurfinsa: shuɗi mai ruwa-ruwa a kan busasshiyar rawaya yana ba da wani kore mai haske wanda damawa a faranti ba ta bayarwa. A nan zafin garinmu abokin aiki ne, domin shafin da mai zane a ƙasa mai danshi zai zauna jira, ko ya kunna masa na'urar busar da gashi, a Maraɗi kafin ka wanke buroshi ka zubar da ruwan gwangwani ya riga ya bushe. Kuskure ma a nan yana da sauƙin ganewa, tunda duk abin da ya bayyana a takarda hannunka ne ya yi shi, kana iya bin sawunsa ka san inda ka kauce.

Aibinsa kuwa a fili yake. Wanda ya daɗe a cikinsa shi kaɗai, zanensa yakan yi tauri, kowane abu da baki mai kaifi, gajimare ya zama kamar an yanko shi daga kwali an manna. Akwai kuma jarabar goge-goge: shafi na biyu ana so ya wuce sau ɗaya a hankali, amma sabon hannu yakan yi ta kai da komowa har ya tayar da na ƙasa, tunda ƙaro yana sake narkewa in ya sha ruwa, sai launuka su cakuɗe su zama kalar taɓo.

Salon jiƙe wani hali ne daban, kuma a nan ne ya kamata a daɗe, domin a nan mutane suka fi karaya. Idan aka shafe takarda da ruwa, tana bi ta matakai kafin ta bushe, kuma kowane mataki da irin abin da yake yi wa launi. Da fari tana ƙyalli kamar madubi; launin da aka saka a lokacin zai gudu ko'ina, ba shi da linzami. Jim kaɗan ƙyallin ya lafa ya koma sheƙi mai laushi kamar na shadda. Wannan shi ne lokacin aiki, launi zai bazu kaɗan ya tsaya da baki mai taushi. Daga nan sheƙin ya ɗauke, takarda ta zama kamar ta bushe alhali in ka taɓa ta da bayan yatsa za ka ji sanyi. Wannan matakin shi ne tarko. Duk buroshin da ya sauka a lokacin da ruwan da ya fi na jikin takardar yawa, ruwansa zai ture garin launin da bai gama zama ba, ya tara shi a gefe, ya bar tabo mai haske a tsakiya da baki mai cako-cako. Ruwa ba ya tsami banza: zoben da ya ɓata wa ɗiyar ƙanwata rai daga nan ya fito. Ana gane matakan ne ta hanyar karkatar da kai a kalli takardar ta gefe, inda haske ke faɗo mata, kuma ƙa'idar da ba ta canzawa ita ce ruwan da ke cikin buroshi kada ya fi wanda ke jikin takarda yawa. Gwargwadon yadda takarda ke bushewa, gwargwadon yadda za a ƙara wa launi kauri.

To, duka wannan yana buƙatar takarda ta daɗe a matakin sheƙi, kuma iskarmu ba ta da wannan haƙuri. A bazara, cikin Afrilu da Mayu, zafi yana wuce digiri 40, a hunturu kuma, daga Disamba zuwa Fabrairu, iskar da ke tsattsaga leɓe da diddige ita ce ke zuƙe ruwan takarda. Ni kaina a shekarar da na fara, na zauna a zaure da hantsi ina so in zana hazo a kan gulbi. Na jiƙa takarda, na juya in ɗebo launi, kafin in waiwayo gefen dama ya bushe, tsakiya tana sheƙi, gefen hagu ruwa kwance. Matakai uku a takarda ɗaya, kowane da dokarsa. Na yi ta ɗora wa hannuna laifi har tsawon makonni, sai da damina ta sauka na sake gwadawa cikin Agusta, da takarda iri ɗaya da fenti iri ɗaya, na ga launi yana tafiya yadda ake faɗa.

Akwai dabarun da ke ƙara wa mutum lokaci. Wadda ta fi amfani ita ce a jiƙa bayan takardar ma da soso, a shimfiɗa ta a kan gilashi ko farantin roba mai santsi ba tare da tef ba, ruwan da ke ƙasa ya manna ta ya kuma riƙa ciyar da ita daga baya. A kashe fanka, a rufe taga, a yi aiki bayan sallar asuba kafin rana ta ɗaga, a kuma rage girman zane zuwa tafin hannu biyu. Suna taimakawa ƙwarai, amma dai dabaru ne da ake ɗora wa wanda bai riga ya san nauyin ruwa a buroshinsa ba, kaya a kan kaya.

Idan aka zo batun kuɗi, bambancin ya ƙara fitowa, kuma kusan duka a kan takarda yake. Nauyin takarda ana rubuta shi da giram a kowace murabba'in mita. Takardar buga rubutu ta ofis giram 80 ce, ta kaye ma ba ta wuce nan da nisa ba, kuma ba ta dace da ko ɗaya daga cikin salon biyu ba. Takardar zane ta Canson, wadda duk wanda ya bi ta makarantar boko a ƙasar nan ya sani, mai giram 180 ko 224, tana ɗaukar salon bushe idan an liƙa gefunanta kuma ba a cika mata ruwa ba. A salon jiƙe kuwa takan kumbura, launi ya gangara ya taru a kwarin. Takardar fentin ruwa ta ainihi galibi giram 300 ce, ita ma iri biyu: wadda aka yi da ɓargon itace, mai rangwamen kuɗi, da wadda aka yi da auduga zalla, irin ta Arches da ake yi a yankin Vosges na Faransa tun shekarar 1492. Ta audugar tana shan ruwa zuwa cikinta, ta riƙe shi, ta bushe bai ɗaya a hankali, abin da salon jiƙe ke nema ke nan. Ta itacen ruwa yakan zauna mata a sama ya ƙafe da wuri, wuri-wuri. Matsalar ita ce ta audugar tana da tsada, kuma ba kayan da za a shiga babbar kasuwa a ɗauko ba ce kullum, sau da yawa sai an yi saƙo Yamai ko Kano. Mai koyo kuwa yana buƙatar takardar da ba zai ji ciwon ɓatawa ba, domin wanda ke lissafin jika nawa ya kashe a kan kowane fefe hannunsa ba zai saki ba. In za a saya, a duba bayan fakitin a zaɓi wadda aka rubuta wa grain fin, mai ɗan kaushi matsakaici, ita ce ke karɓar salon biyu.

Fentin kansa bai kai takarda muhimmanci ba, amma siffarsa tana da ɗan tasiri. Akwai na ƙwaya, busassun dunƙule a cikin akwati, wanda asalinsa ke komawa ga William Reeves na Landan da aka ba lambar yabo a kansa a 1781, kamfanin Winsor & Newton kuma ya tausasa shi da gilisarin a 1835. Akwai na matsawa, a cikin ɗan bututu irin na man goge baki, wanda wani mai zane ɗan Amurka, John Goffe Rand, ya ƙirƙiro mazubinsa a 1841. Na ƙwaya ya wadatar da salon bushe, yana da auki, ba ya lalacewa da zafi, illa dai a riƙa rufe akwatin saboda ƙurar hunturu, a kuma ɗiga wa kowace ƙwaya ruwa kafin a fara. Salon jiƙe yana son launi mai kauri da yawa a cikin gaggawa, na matsawa ne ke ba da shi, sai dai in murfinsa bai rufu da kyau ba a bazara zai daskare a ciki. Launi shida nagari sun fi ashirin da huɗu na banza, kuma a cikinsu kada a rasa rawayar ƙasa, da jar ƙasa, da shuɗin ultramarin, wanda shi ne launin da ke cikin bular wanki. Waɗannan ukun kaɗai suna fitar da bangon laka, da yashin gulbi, da toka-tokar hadari. Buroshi kuwa mai zagayayyen kai da tsini, lamba 8 ko 10, ya isa salon bushe; salon jiƙe yana ƙara buƙatar mai faɗi ko soso na jiƙa takarda, da gwangwanin ruwa na biyu wanda ba a wanke buroshi a cikinsa.

Abin da mutum yake sha'awar zanawa shi ma yana da ta cewa. Tulu, ƙwarya, ƙofar zaure, zanen da ke jikin bango, rawanin dogari, duk abubuwa ne masu baki, salon bushe ne nasu. Hadari da ya taso daga gabas, hazon Janairu da ke haɗiye bishiyoyi, inuwar itatuwa a cikin tafkin Madarumfa, waɗannan ba su da baki, kuma duk ƙwarewar mutum ba zai fitar da su da kyau a busasshiyar takarda ba. Zane cikakke yakan haɗa su ne. A ɗauki gona a watan Yuli: ana jiƙa rabin takarda na sama, a saki shuɗi da aka karya da jar ƙasa ya zama hadari, a bar wani wuri fari inda haske ke ɓullowa, sannan a ɗaga hannu gaba ɗaya har sai bayan yatsa ya daina jin sanyi. Daga nan sai a dawo da tsinin buroshi a busasshiyar takarda a ja gawo, wanda a damina ne yake zubar da ganye ya tsaya da rassa tsirara, a jera ganyen hatsi a ƙarƙashinsa. Taushin sama shi ke sa kaifin rassan ya fito. Amma a lura, kashi mafi yawa na wannan zanen, kuma wanda ido zai sauka a kansa, aikin bushe ne.

Saboda haka shawarata ga mafi yawan masu farawa a nan ita ce su fara da salon bushe, musamman wanda ya fara tsakanin kaka da bazara, ko wanda takardar da yake iya samu ba ta wuce ta zanen makaranta ba. Ya yi makonni yana shimfiɗa launi bai ɗaya a ƴan murabba'ai, sannan mai tafiya daga duhu zuwa haske ta hanyar ƙara ruwa a kowane layi, sannan ɗora shafi bisa shafi. Kafin ya taɓa salon jiƙe gaba ɗaya akwai wata gada a tsakani: ya ja launi a busasshiyar takarda, nan take ya wanke buroshi ya matse, ya bi gefe ɗaya na launin da ɗan danshi har bakin ya narke. Da wannan kaɗai ake zagaye cikin tulu, kuma ita ce ke koya wa yatsu ma'aunin ruwa a wuri ƙarami inda iska ba ta da lokacin yin ɓarna.

Akwai waɗanda zan ba akasin wannan shawara. Mai hannun da ya riga ya saba da layi, kamar mai zayyanar allo, ko mai zanen lalle, ko mai ɗinkin hula, ba ya buƙatar a koya masa tsayawa a kan iyaka. Matsalarsa sakin hannu ce, kuma in ya fara da salon bushe zai mayar da buroshi alƙalami, ya yi ta cike gurabe. Irin wannan gara ya jira damina, ya sayi takardar auduga ko da fefe biyu ne ya yayyanka ƙanana, ya yi ta sakin launi biyu a cikin ruwa yana kallon inda suke haɗuwa ba tare da nufin zana komai ba. Ƙananan yara ma haka, domin su bazuwar launin ce ke riƙe su, ba su damu da zobe ko tabo ba.

Ɗiyar ƙanwata ba ta cikin waɗannan. Na ba ta ragowar takardar Canson da nake da ita, da katako, da tef, na ɗauko tulun da ke bakin ƙofar ɗakin girki na ajiye mata a inda rana ke bugun sa ta gefe ɗaya. Ta ɗan ɓata fuska, ta ce ita sama take so ta zana. Na ce mata saman tana nan zuwa cikin Agusta, kuma na riga na yi saƙon takardarta wajen wani direba da ke zuwa Kano.